Ido, Wa Ka Raina?

A ƙofar gidanmu akwai wata darbejiya da ta girme ni. Ban san wanda ya dasa ta ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na buɗe ido na gan ta kamar yadda na ga bangon zaure, kuma matsayin bangon na ba ta: abu ne da yake nan, ba a yi masa sannu da zuwa, ba a yi masa sai da safe. A gindinta mai faci yake kafa famfonsa, a nan almajirai suke zama su raba abin da suka samo, a nan aka shimfiɗa tabarmi ranar zaman makokin mahaifinmu. Bara waccan, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, muka wayi gari da ƙarar injin yankan itace. Wanda ya sayi filin da ke jikin namu zai fitar da shaguna, ita kuwa ta tsaya daidai inda harsashi zai bi. Kafin a kira azahar an daddatse ta, an loda a kura, mai gidan burodi ya saye.

Azumin ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Ɗakin da ke jikin zaure, wanda a da baƙo kan yi barcin rana a ciki har ya makara da la'asar, ya koma tanda. Wannan kowa ya yi tsammaninsa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne shirun asuba. Na dawo daga masallaci na zauna a kan dakali, sai na ji unguwar kamar an zare mata wani abu. Na daɗe ina lalube kafin na gane cewa babu kukan kurciya. Shekara arba'in da ɗoriya tsuntsayen bishiyar nan suna tarbata in na dawo daga sallar asuba, ban taɓa tsayawa na saurare su ba sai ranar da suka tashi. Da yamma kuma na rasa wani ƙamshi mai sanyi da iska kan kawo a irin wannan lokaci na shekara. Ashe na furenta ne, 'yan ƙananan furannin nan farare da muke bi da tsintsiya muna cewa sun ɓata ƙofar gida.

An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Ni a kaina na ga gaskiyar maganar, kuma tun daga ranar wata tambaya take ci mini rai: mutumin da bai ga kyauta ba, da wane baki zai ce ya gode wa wanda ya ba shi?

Tambayar ta fi nauyi a wurinmu, domin da wuya ka sami jama'ar da godiya ta cika bakinta kamar Hausawa. Saurari gaisuwarmu kawai. Ina aiki? Da godiya. Ya sanyi? Lokacinsa ne. Ya zafi? Shi ma lokacinsa ne. Ka tarar da mutum ruwan sama ya kayar masa da katanga, ka ce masa ya ruwa, ya ce maka ruwa ya yi gyara. Waɗanda suka fara ba da waɗannan amsoshi sun san Allah, sun kuma san ƙasa. Manoma ne da suka kwana suna duban gabas, sun ga yadda gero ke lanƙwashewa in ruwa ya ɗauke mako uku, saboda haka in suka ce ruwa ya yi gyara, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Mu mun gaji maganar, amma idon da ya haife ta bai zo mana cikin gadon ba. Mukan ce alhamdu lillahi sau hamsin a yini, Allah ya karɓa mana, amma da za a tsayar da ɗayanmu a ce masa "a kan me?", sai ya ce rai da lafiya, ya tsaya nan. Rai da lafiya ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai daga fitowar rana zuwa faɗuwarta an aiko masa da kyaututtuka barkatai har cikin tsakar gidansa, ko ɗaya bai sa hannu ya karɓa ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wani kaso na Ihya'u Ulumiddin ga haƙuri da godiya. Ya kasa godiya gida uku: sani, sai halin da sanin ke haifarwa a zuci, sai aikin da halin ke haifarwa. Sani ya sa a farko, wato ka san ni'imar, ka san daga wa ta fito. Ya kuma lura da wani hali na ɗan Adam da bai canja ba har yau: ba ma lissafa abin da kowa ya samu a cikin ni'ima. Ya ba da misali da iska. Ba wanda ke tashi ya gode saboda numfashi, sai wanda aka shaƙe aka saki. Wannan shi ne ciwona da darbejiya daidai wa daida. Inuwarta ta kowa ce, mai faci ya sha, almajiri ya sha, akuya ta sha, don haka ban taɓa jin cewa ni aka yi wa kyauta ba. Da a ce sayen ta na yi da kuɗi aka kawo mini a mota, da na kira maƙwabta sun taya ni murna.

Abin mamaki, littafin da muke karantawa kullum bai bar mu da uzuri ba. Duba sunayen surori kawai: Saniya, Ƙudan zuma, Tururuwa, Gizo-gizo, Ɓaure, Tsawa, Tauraro, Wata, Rana, Dare, Alfijir, Hantsi. Kusan dukkansu mutum zai same su ba tare da ya wuce bakin zaure ba. Malamai suna yi wa Suratun Nahli laƙabi da surar ni'imomi saboda yawan abin da aka lissafa a cikinta, madara da zuma da ulu da ruwan sama, kuma inuwa tana cikin lissafin. A Suratur Rahman an maimaita tambaya guda a kan ni'imomin Ubangiji har sau 31. A Suratul Gashiya an ja hankalin mutane su dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, masu tafsiri kuma sun lura cewa waɗannan su ne abubuwan da Balaraben ƙauye yake gani daga inda yake zaune: dabbar da yake hawa, saman da ke kansa, dutsen da ke gabansa, ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ba a tura shi wata ƙasa neman abin al'ajabi ba. An mai da idonsa kan abin da ya raina saboda sabo.

Mu kuwa yanzu al'ajabinmu a waya yake. A turo mana bidiyon wani ruwa da ke kwarara daga kan dutse a wata nahiya, mu rubuta subhanallah mu tura wa mutum ashirin a WhatsApp. Ban ce wannan laifi ba ne, halittar Allah ce ita ma. Amma a daidai lokacin da kanmu ke sunkuye, jangwada yana kan katanga da jan kansa da shuɗin jikinsa yana ɗaga kai yana saukewa, rana tana faɗuwa a bayan gidan maƙwabci da launin da babu wayar da ke iya ɗauko shi yadda yake. Mun zama kamar mai gidan da ya bar baƙo tsaye a zaure ya shige ɗaki yana kallon hoton wani baƙon.

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta iya karanta tafsiri ba, iyakarta surorin salla. Amma ita ce mutum na farko da na gani tana godiya da ido. In ta idar da sallar asuba takan jawo tabarma kusa da bishiyar lallenta, carbi a hannun dama, ɗan tsaki a hannun hagu. Akwai wani fasasshen kasko da take cika wa da ruwa a gindin lallen. Sai 'yan tsuntsayen nan jajaye ƙanana, waɗanda take kira bayin Allah, su sauko su yi ta tsattsaga har kusa da ƙafarta. Wata safiya na fito zan wuce, ta yafito ni da hannu, ta yi ƙasa da murya don kada su tashi.

"Maigida, zo ka gai da baƙina," in ji ta. "Dubi jan nan na ƙirjinsa. Duk marinar Ƙofar Mata wa zai rina maka irinsa? Kuma ko sisi ba a karɓa a wurina ba."

Ta ci gaba da jan carbinta, idonta a kan tsuntsun. A lokacin na ɗauka hirar tsofaffi ce. Sai da na yi furfura na gane cewa zikirin nata da kallon nata abu guda ne, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici, ita kuwa kullum sai ta ba da tukuicinta kafin ta ɗora koko.

Bayan an sare darbejiyar na ɗaukar wa kaina wata ƙaramar al'ada: in na dawo daga masallaci in zauna a tsakar gida minti goma, waya tana ɗaki. Kwanakin farko ban ga komai ba, hankalina yana kan kuɗin makaranta da bashin mai shago. Ido ma ashe sai an koya masa. A hankali abubuwa suka fara fitowa. Na ga zogalen da maiɗakina ta dasa a bayan madafa, wanda ake tsige masa ganye a yi kwaɗo, kafin mako biyu ya sake tohowa kamar ba a taɓa shi ba. Na ga saƙar gizo-gizo tsakanin igiyar shanya da katanga, raɓa ta jeru a kanta kamar tsakiya. Da damina ta kama, na ga marai yana saƙa sheƙa a mangwaron maƙwabta da ya leƙo ta kan katangarmu. Namijin ne ke yin aikin. Yakan je ya tsago siririn ganyen ciyawa, ya riƙe gefe guda da ƙafa, ya cusa ɗayan da baki, ya zaro ta wancan ɓangaren, ya ɗaure. Zobe yake fara yi, daga jikin zoben yake gina ɗakin, ƙofa tana kallon ƙasa. In ya gama sai ya rataya a ƙarƙashinta kai a ƙasa yana kaɗa fukafukai yana kiran mace ta zo ta duba. Na kwashe kwana uku ina kallon wannan aiki. Babu hannu, babu allura, babu malamin da ya zaunar da shi. A nan ne na ji subhanallah ta fito mini daga wani wuri da ba ta saba fitowa ba.

Sai kuma ruwan fari. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda yake zuwa: gari ya yi tsit, zufa ta ƙi bushewa, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura da ledoji, mata su yi ta kwashe shanya suna kiran yara, sannan ɗigo na farko ya buga a kan kwano. Kafin indararo ya fara zuba, ƙamshin ƙasa ya riga ya cika gida. Masana sun ce wani sinadari ne da wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin ƙasa suke samarwa, ɗigon ruwa ya tayar da shi sama, hancin ɗan Adam kuma yana iya jin sa ko da ɗan mitsitsi ne a cikin iska. A 1964 wasu masana biyu a Ostireliya suka yi rubutu a kan ƙamshin har suka raɗa masa suna. Sanin wannan bai rage mini komai ba, ƙara mini ya yi. An halicci abin da ido ba ya gani a cikin turɓaya, an kuma halicci hancin da zai ji shi, aka haɗa su a rana guda bayan wata bakwai na rani. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa ruwan sama ya taɓa samun su tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yaye wani sashe na tufafinsa don ruwan ya taɓa jikinsa, ya kuma ba da dalili cewa ruwan bai daɗe da rabuwa da Ubangijinsa ba. Mu kuwa da ɗigon farko muke tsaki saboda takalmi.

Haka sauran abubuwan suke, duk wanda ka bi tarihinsa sai ka ga doguwar hanyar da ya biyo kafin ya iso ƙofarka. Darbejiyar da na ɗauka 'yar gida ce ashe baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, kuma a zamanin Turawa aka shigo da ita, aka dasa ta a Borno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama dogon yaron kowace unguwa. Da ganyenta ake surace in zazzaɓi ya kama mutum, da shi mai jego ke wanka, da reshenta ake asuwaki. Shamuwa da yara ke murnar gani gab da damina, daga can kudancin Afirka take dawowa ta yi sheƙa a kan manyan bishiyoyinmu, ta ci fara da tsutsa a gonaki, in kaka ta yi ta koma. Kuka tana buɗe fararen furanninta da dare, jemagu ne ke yi mata barbara. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sami inuwa da abinci a lokacin da babu. Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi, shi ya sa ba ya ɗaga wa gawo gatari a gonarsa.

Na san abin da wani mai karatu yake faɗa a ransa. Mutane suna fama da tsadar masara, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya ninka, wasu garuruwan ba a barci saboda 'yan bindiga, kai kuma ka zo kana yi mana zancen kurciya da furen darbejiya. Maganar tana da ƙarfi, ba zan kuma yi kamar ban ji ta ba. Na ma ƙara da nawa: sau da yawa ana amfani da kalmar godiya a toshe bakin talaka. In ya ce yunwa, a ce ya gode wa Allah da yake da rai. In ya ce an danne masa haƙƙi, a ce ya yi haƙuri. Wannan cin amanar kalmar ne. Godiya ga Allah a kan abin da ya bayar ba ta nufin yafe wa azzalumi abin da ya ƙwace. Mutum zai iya gode wa Allah saboda ruwan sama da safe, da rana kuma ya je ya tsaya a gaban hukuma ya tambayi inda aka kai kuɗin magudanar ruwa. Ni a ganina ma wanda ya san darajar kyauta shi ya fi jin zafin a lalata ta.

Akwai kuma wani abu. Talaka ne ya fi buƙatar wannan ido, don shi ne abin da ba a iya ƙara wa kuɗi. Mai hali yana da hanyar sayen hutu, ya tafi Yankari ko ya hau jirgi. Wanda ke ɗaki ɗaya a gidan haya ba shi da wannan, amma farin wata na daren sha huɗu bai tambayi takardar albashinsa ba. Daren da aka ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, Zara tana nan, kaza da 'ya'yanta suna nan, inda kakanninmu suka bar su. Na san wata baiwar Allah a gidan haya da ta jera tsofaffin bokitan fenti a bakin ƙofarta, ɗaya ɗoɗɗoya, ɗaya na'a-na'a, ɗaya tumatir. Da ruwan wanke shinkafa take shayar da su. Wannan bai biya mata kuɗin haya ba, amma zuciyar da ba ta ganin komai sai abin da ta rasa takan gaji tun kafin jiki ya gaji, ita kuwa kullum tana da abin da za ta duba da safe ta ji an tuna da ita.

Kaso na uku na Gazali, wato aiki, shi ne inda muka fi gazawa. A Suratu Saba'i an umarci iyalan Annabi Dawuda da su aikata godiya, aikatawa aka ce. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. To mu dubi gidajen da muke ginawa yau. Mutum zai sayi fili, abu na farko ya sare duk bishiyar da ya tarar, ya gine shi daga katanga zuwa katanga, ɗan abin da ya rage ya malale shi da siminti ko ya shimfiɗa tayil, ko tafin hannu ba zai bar wa ƙasa ta sha ruwa ba. In an tambaye shi ya ce ganye ƙazanta ne, saiwa tana fasa gini, bishiya tana tara iskoki. Daga baya ya dawo yana kukan zafi, ya sayi fanka, ruwan da ƙasa ta kasa sha kuma ya bi lungu ya shiga gidan na ƙasa da shi. Sunayen unguwannin Kano kansu shaida ne a kanmu: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka, Durumin Iya. Mutanen da sun girmama itace har suna kiran mazauninsu da sunansa. Yau yaro zai tashi a Giginyu ya kai shekara ashirin bai iya nuna maka giginya ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna cewa ɓarnar tana gyaruwa. A yankin Maraɗi, tun cikin shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturan da ke gonakinsu, su rage masa rassa, su kare shi, maimakon su ƙone shi da sassabe. Suna kiran abin sassaben zamani. Daga Maraɗi zuwa Damagaram an kiyasta cewa fili kusan kadada miliyan 5 ya sake yin itatuwa ta wannan hanya, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Suna nan a ƙarƙashin ƙasa tun tuni, sai da aka sami idon da ya gan su da hannun da ya ƙyale su.

A daminar da ta biyo bayan saran darbejiyarmu, 'yar autata ta kira ni bayan madafa, kusa da inda ruwan indararo ke sauka. Wani ɗan tsiro ne mai ganye huɗu, bakin ganyen kamar haƙoran zarto. Ina jin jemage ne ya yar da ƙwallon tun kafin a sare uwar.

"Baba, ciyawa ce in cire?"

Na durƙusa na murza ganye ɗaya na shinshina, ɗacin nan da na sani tun ina yaro ya bugi hancina. Na ce mata ta bar shi. Muka samo tsohon kwando muka kifa masa saboda akuya, ita kuma ta ɗauki nauyin zuba masa ruwan alwala. Uwarta ta ce wurin ya yi kusa da katanga, don haka da ya yi ƙwari muka cire shi da ƙasarsa muka mai da shi tsakiyar gida, sai da muka fasa siminti faɗin faifai biyu. Kurciya ba ta dawo ba tukuna. Jiya yarinyar ta tsaya a jikinsa ta auna, ya kai mata kafaɗa.